Miƙa Kaya Ta Katanga: Yadda Ake Tura Fayil Tsakanin Kwamfutoci Biyu Ta Igiyar Sadarwa

Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalina ga rubuta wannan 'yar maƙala shi ne wata matsala da ta taso mini a lokacin hutun ƙarshen shekara. Tun ina aji biyu nake tara hirarrakin da na ɗauka da dattawa da masu sana'o'in gargajiya, wasu murya kawai, wasu kuma har da hoto mai motsi, domin aikin kundin da zan rubuta a ajin ƙarshe. Duk na zuba su a cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke gidanmu, har suka tasam ma gigabayit 100. Da Allah ya hore mini 'yar kwamfutar tafi-da-gidanka, sai ya zama wajibi in kwashe su in mayar cikinta, musamman da yake tsohuwar ta fara wani irin gurnani a duk lokacin da aka kunna ta, ga shi kuma biyu daga cikin dattawan da na yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya. In na'urar nan ta mutu, muryoyinsu sun tafi ke nan.

Hanyoyi biyu ne suka fara zo mini a rai, kuma na tabbata su ne za su fara zo wa mai karatu. Ta farko ita ce filashi. To, amma filashin da nake da shi gigabayit 8 yake ɗauka, watau sai na yi sawu 13 tsakanin na'urorin biyu, kuma kowane sawu zubi biyu ne, a zuba a filashi sannan a juye daga filashi. Daɗin daɗawa, yawancin ƙananan filasan da ake sayarwa suna zuwa ne da tsarin ajiya mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, alhali kuwa wasu hotunan nawa sun wuce haka. Ta biyu ita ce intanet, a ɗora kayan a wata ma'ajiya ta kamfani sannan a sauko da su. Wannan kuwa yana nufin datar gigabayit 200, ɗari wajen hawa, ɗari wajen sauka. Ke nan kaya za su ƙetare teku su dawo domin kawai su tashi daga wannan kusurwa ta tebur su koma waccan.

Bahaushiya idan za ta kai wa maƙwabciyarta tuwo, alhali katanga ɗaya ce ta raba su, ba ta neman ɗan aike, balle ta kai kwanon tasha. Kira take yi ta miƙa ta katanga. Kwamfutoci ma suna da irin wannan hanya, ita ce a haɗa su da igiya guda kai tsaye, ba intanet, ba data, ba wata na'ura a tsakani. Manufata a nan ita ce in bayyana yadda wannan haɗi yake aiki, da kuma dalilin da ya sa mutane da yawa kan jona igiyar su ga shiru, su ɗauka cewa ba ta da kyau.

Kafin in ci gaba, ya kamata in ce wani abu game da kalma. Masu gyaran kwamfuta kebul suke cewa, wasu kuma su ce waya. Na kauce wa waya domin a yau hankalin mai sauraro kan tafi ne ga wayar hannu. Na zaɓi igiya, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, sunan ya dace da ita fiye da yadda ake zato, domin ita ma tufka ta ake yi.

Asalin abin

Haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye ba sabon abu ba ne. Tsarin MS-DOS 6 na shekarar 1993 ya zo da wata manhaja mai suna Interlnk wadda ke tura fayil ta kafar da ake jona na'urar buga takarda, haka kuma Windows 95 ya zo da irin tasa. Sai dai waɗannan hanyoyi tafiyar hawainiya suke yi, kuma an daɗe da barin su. Wadda ta wanzu ita ce Ethernet, kuma kada kamannin suna ya sa a rikita ta da intanet. Intanet ita ce babbar hanyar da ta haɗa duniya, Ethernet kuwa ƙa'ida ce ta yadda na'urorin da ke kusa da juna za su yi magana ta igiya. Robert Metcalfe da David Boggs ne suka ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, daga shekarar 1973. Gudunta na farko bai cika megabit 3 a daƙiƙa ba. A 1980 aka fitar da mai megabit 10, a 1990 aka tsara ta a kan irin igiyar da muke gani yau, a 1995 ta kai megabit 100, a 1999 kuma ta kai megabit 1,000, watau gigabit ɗaya.

Igiyar kanta

Idan aka feɗe bawon igiyar za a tarar da silin tagulla guda 8, an tufke su bibbiyu, sun zama tagwaye 4, masu launin ruwan lemo, da kore, da shuɗi, da ruwan ƙasa. Kowane sili mai launi yana da abokin tufkarsa fari mai ratsin wannan launi. Tufkar ba ado ba ce. Duk wata hayaniyar lantarki da ta faɗo daga waje takan taɓa silin biyu daidai wa daida, saboda haka na'urar da ke karɓar saƙo, wadda bambancin da ke tsakanin silin biyu take aunawa, sai ta ga hayaniyar ta kashe kanta. Alexander Graham Bell ne ya yi rajistar wannan dabara tun 1881 domin wayar tarho. A kowane bakin igiyar akwai wani kan roba garai-garai mai haƙoran tagulla 8, wanda ake kira RJ45. Ƙa'ida ita ce kada tsawon igiyar ya wuce mita 100, abin da ba zai dami mai aiki a cikin gida ba.

A nan ne wata tsohuwar magana take, wadda har gobe ake maimaita ta a shagunan gyara. A tsarin megabit 10 da na 100, tagwaye biyu kaɗai ke aiki. Kwamfuta tana magana ta haƙori na 1 da na 2, tana saurare ta na 3 da na 6, watau waɗancan su ne bakinta, waɗannan kuma kunnenta. A ofisoshi, inda kowace kwamfuta ke jone da akwatin rarraba layi, ba matsala, domin an ƙera akwatin da kunne a inda kwamfuta ke da baki. To, amma idan aka haɗa kwamfuta da 'yar'uwarta da igiya miƙaƙƙiya, baki ya haɗu da baki ke nan, kunne ya haɗu da kunne, kowa na magana ba mai ji. Maganin da aka samo shi ne igiya mai gicciye, wadda a cikinta silin haƙori na 1 yake fita a na 3, na 2 kuma ya fita a na 6. Gane ta ba wuya. A jera kawunan biyu gefe da gefe, su fuskanci waje ɗaya, a dubi launukan. In jerin iri ɗaya ne, miƙaƙƙiya ce. In kuwa wannan kai ya fara da fari mai ratsin ruwan lemo, wancan ya fara da fari mai ratsin kore, to mai gicciye ce.

Sai dai zamani ya wuce wannan wahala. Tun a ƙarshen shekarun 1990 injiniyoyin kamfanin Hewlett-Packard suka fito da dabarar da kafar kwamfuta za ta gane da kanta cewa baki ya haɗu da baki, ta juya nata haƙoran a ciki. Kusan duk kafar da ke gudun gigabit tana da wannan dabara, kuma ya wadatar a ce ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu tana da ita. Saboda haka duk wanda aka ce masa lalle sai ya sayi igiya ta musamman, ya fara gwada wadda ke hannunsa tukuna. Ni da igiyar da na ara daga wani abokina na yi aiki, miƙaƙƙiya ce kuwa. Sai in na'urorin biyu duk tsofaffi ne tukuf ake bukatar mai gicciye.

Abu biyu kuma a taƙaice. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka sirara na yanzu ba su da wannan kafa, sai a sayi ɗan mahaɗi da ake jonawa a kafar USB. Sannan kada a kuskura a haɗa kwamfutoci biyu da igiyar USB gama-gari mai faffaɗan kai a kowane gefe, domin kowace tana turo wuta ta wannan kafa, ana iya ƙona wani abu. Idan an jona igiyar sadarwa daidai, a mafi yawan na'urori za a ga 'yar fitila ta kama a bakin kafar. Wannan fitila shaida ce cewa hanya ta buɗe, amma ba ta nuna cewa an san juna ba.

Adireshi da sallama

Kowace na'ura da ke kan layi sai ta mallaki adireshi, wanda lambobi ne kashi 4 da ɗigo a tsakaninsu. A gidan da ke da rauta, ita ce mai unguwa, ita ke raba wa kowa lambar gida. A haɗin kai tsaye kuwa babu mai unguwa. Abin da kan faru shi ne kowace kwamfuta ta yi ta tambaya, in ta ji shiru sai ta zaɓar wa kanta adireshi da ya fara da 169.254. Windows yana yin haka tun daga Windows 98, kuma Mac ma tana yi. Sau da yawa wannan ya isa, sai dai akan ɗan jira, kuma lambar tana iya sauyawa.

A ganina ya fi kyau mutum ya rubuta adireshin da hannunsa, a wurin saitin kafar Ethernet, ƙarƙashin IPv4. Alal misali, a ba tsohuwar kwamfuta 192.168.5.1, sabuwar kuma 192.168.5.2. A layin da ke ƙasa, wanda ke fayyace iyakar unguwa, a rubuta 255.255.255.0 a duka biyun. Ma'anarsa ita ce kashi uku na farko sunan unguwa ne, dole su zama ɗaya, kashi na huɗu kuwa lambar gida ce, dole ta bambanta. Sauran gurabe a bar su ba komai. Adireshin da suka fara da 192.168 an keɓe su ne domin amfanin cikin gida, ba a bin su a intanet. Na zaɓi 5 a kashi na uku da gangan, domin yawancin rautoci 0 ko 1 suke amfani da shi, kada unguwa biyu su ci suna ɗaya.

Da an gama wannan sai a yi sallama. A buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a sabuwar kwamfuta, a rubuta ping 192.168.5.1. Wannan 'yar manhaja, wadda Mike Muuss ya rubuta a 1983, ba ta da aiki sai ta aika ɗan saƙo ta jira amsa, kuma a Windows sau 4 take yi. In amsa ta dawo, igiya da adireshi sun yi daidai. In ba ta dawo ba, kada a yi saurin ɗora wa igiya laifi. Ana iya yin sallama masu gida suna ciki su ƙi amsawa.

Iznin shiga

Wannan shi ne inda na sha wahala, kuma shi ne inda mafi yawan mutane ke karaya. Windows ya kasa layukan sadarwa gida biyu, wanda ya amince da shi, ya kira shi Private, da wanda bai amince da shi ba, ya kira shi Public, kamar layin otal ko na filin jirgin sama. A kan layin da bai amince da shi ba, katangar tsaronsa takan rufe ƙofa ruf, ba ta ko amsa sallama. To, da yake haɗin kai tsaye ba shi da rauta, Windows ba ya iya tantance shi, sai ya sa shi cikin waɗanda ba a amince da su ba. Watau kwamfutoci biyu na mutum ɗaya, a ɗaki ɗaya, kowace tana yi wa 'yar'uwarta kallon baƙon da ba a san asalinsa ba. Na yi yini guda ina sauya igiya kafin in gane haka.

Mafita mai sauƙi ita ce a kashe Wi-Fi a na'urorin biyu, sannan a shiga saitin rabawa a kunna ganin juna da raba fayil a ƙarƙashin Public ɗin, na ɗan lokacin da za a yi aikin. Wasu kan ba da shawarar a rushe katangar tsaron ɗungurungum. Ban goyi bayan haka ba, domin mutum kan manta bai mayar ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan an buɗe ƙofar gida, saura a nuna ɗakin da baƙo zai shiga. A kan foldar da ke ɗauke da kayan, a tsohuwar kwamfuta, a shiga Properties, a zaɓi Sharing, a ba ta suna, a kuma faɗi wanda aka yarda ya shiga. Izni iri biyu ne, na karantawa kawai da na karantawa da sauyawa. Wanda zai kwashi kaya na farko ya ishe shi, kuma shi ya fi aminci, domin ko hannu ya kuskure ba za a iya goge asalin ba. Daga nan a koma sabuwar kwamfuta, a rubuta \\192.168.5.1 a layin adireshi na wurin duba fayiloli. Za ta nemi suna da kalmar sirri, kuma na tsohuwar kwamfuta ake nufi, ba na sabuwar ba. A nan akwai tarko biyu. Windows ba ya barin a shiga ta layi da asusun da ba shi da kalmar sirri, saboda haka mai irin wannan asusu sai ya sa masa tukuna. Haka kuma 'yan lambobin nan na PIN da ake buɗe kwamfuta da su ba sa aiki a nan, ainihin kalmar sirrin asusun ake bukata.

Harshen da kwamfutocin ke amfani da shi wajen wannan ciniki sunansa SMB, wanda Barry Feigenbaum ya fara tsarawa a kamfanin IBM a 1983. Mac tana jin sa, sai dai a can smb://192.168.5.1 ake rubutawa, Linux ma tana ji ta hanyar manhajar Samba. Amma harshen yana da karin da da na yanzu. Windows XP tsohon kari kaɗai ya iya, wanda ta wata ɓaraka da ke cikinsa ne cutar WannaCry ta bi ta addabi kwamfutoci a ƙasashe da dama a watan Mayu na 2017, har da na asibitocin Ingila. Daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ya fara fitar da Windows 10 ba tare da tsohon karin a kunne ba. Don haka wanda tsohuwar kwamfutarsa XP ce zai ga sabuwar ta ƙi kula ta, sai in ya kunna tsohon karin da hannu, ya kuma kashe shi da ya gama. Ni na tsira daga wannan domin tawa Windows 7 ce. Mai karatu zai kuma iya cin karo da tsofaffin bayanai da ke cewa a yi amfani da HomeGroup. Wannan ya zo ne da Windows 7 a 2009, an kuma cire shi daga Windows 10 a 2018.

Gudu da lissafinsa

Ana auna gudun layi da bit, ana auna girman fayil da bayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Rashin lura da wannan ya sa mutane da yawa suna ganin an cuce su. Layin gigabit ɗaya, in an raba da 8, megabayit 125 ne a daƙiƙa, a aikace kuwa wajen 110 ake samu, domin wani kaso yana tafiya wajen adireshi da tabbatar da isar saƙo. Da wannan gudu gigabayit 100 zai wuce cikin kamar minti 15. Layin megabit 100 kuwa wajen megabayit 11 yake bayarwa, watau kimanin awa biyu da rabi. Kafofin biyu sukan daidaita ne a kan gudun wadda ta fi rauni, kamar dai ayarin da ke tafiya da takun gurgun jaki. Tawa tsohuwar mai megabit 100 ce, saboda haka lissafi na biyu ne ya hau kaina.

Igiya ma tana iya rage gudu. Gigabit yana bukatar silin nan 8 gaba ɗaya, da igiya mai daraja Cat5e ko sama da haka, kuma ana rubuta darajar a jikin bawon. Akwai igiyoyi masu araha da sili 4 kawai ke cikinsu, waɗannan ba za su wuce megabit 100 ba ko da na'urorin sababbi ne fil. Haka nan dubban ƙananan fayiloli sun fi babban fayil guda cin lokaci ko da nauyinsu ɗaya, domin kowane sai an buɗe masa shafi an rufe.

Awa biyu da rabi kuwa lokaci ne mai tsawo ga wanda ya san halin wutar lantarkinmu. Ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, tsohuwar kwamfuta ta mutu nan take tunda ba ta da batir. Da a ce yanke kayan na yi maimakon kwafa, da hankalina ya tashi ƙwarai, shi ya sa nake jan kunnen mai karatu da ya kwafa kawai, ya bar asalin a inda yake. Da wuta ta dawo sai na koma ga wani umarni mai suna robocopy, wanda ke cikin Windows tun daga Vista. Na rubuta robocopy \\192.168.5.1\Hira D:\Hira /E /Z, inda Hira shi ne sunan foldar. Harafin E yana sa a haɗa da duk foldojin da ke ciki, Z kuma yana sa a ci gaba daga inda aka tsaya in layi ya yanke. Kyawunsa shi ne yakan tsallake fayilolin da suka riga suka iso lafiya, a ƙarshe kuma ya kawo lissafin nawa aka kwafa, nawa aka tsallake, nawa suka gagara.

Da lissafin ya nuna ba wanda ya gagara, na gwada adadin fayiloli da nauyin foldar a na'urorin biyu na ga sun yi daidai, sannan na buɗe hirarrakin dattawan nan biyu na saurare su daga farko har ƙarshe. Bayan haka na janye iznin foldar, na kashe rabawar da na kunna a ƙarƙashin Public, na kuma mayar da adireshin kafar ga zaɓin kai da kai, domin in an bar 192.168.5.2 a wurin, ranar da aka jona kwamfutar da layin ɗakin karatu ba za ta sami intanet ba. Tsohuwar kwamfutar tana nan da nata kwafin ban goge ba, sai ranar da na sami faifan ajiya na waje na yi na uku.